WA YA TSARA KWASA-KWASAN DA AKE TILASTA WA ƊALIBAN MASTAS A MASKOM?

Shekaranjiya da daddare ƙanina ya shigo gidana fuska a murtuke, da takarda a hannu. Shekararsa tara yana aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa, shi ke gabatar da shirin safe, kuma ba don yana ƙanina ba, yaron ya iya aikinsa. Bana ya tara 'yan kuɗi yana son ya sayi fom ɗin digiri na biyu a fannin sadarwa, wato Maskom ɗin nan da kowa ya sani. Takardar da ya miƙo min jerin kwasa-kwasan da aka ce dole sai ya ci su ne kafin a bar shi ya taɓa kundin bincike.

Ya ce, "Yaya, don Allah duba min nan. Ni da zan je neman ƙarin ilimin aikin rediyo, me ya haɗa ni da ƙididdiga? Ra'o'in sadarwa, dabarun bincike, ƙididdiga, gabatar da takarda. To ina makirfon a nan? Ina sitidiyo?"

Sai da na yi dariya, don ni ma tambayar da na yi ke nan a zangona na farko. Bambancinmu kawai shi ne ni sai da na faɗi kwas ɗin dabarun bincike na maimaita shi, sannan haushi ya sa na tafi neman amsa. Amsar da na ba shi a daren ce zan faɗaɗa a nan, tunda na san cikin masu bibiyata akwai 'yan jarida da yawa da ke wannan shawarar, kuma a wannan zamanin kuɗin makaranta ba abin wasa ba ne. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Da farko ga yadda abin yake a yawancin jami'o'inmu, ko da yake kowace tana da ɗan nata bambancin. Kafin a ɗauke ka sai kana da kiredit biyar na sakandare ciki har da Turanci, da digirin farko mai daraja ta biyu aƙalla, da takardar bautar ƙasa. Wanda ya zo da HND, ko ya fito daga wani fannin daban, galibi sai ya bi ta PGD tukuna. In ka shiga, za ka yi zango biyu kana zaman aji, ka tara yunit kamar 30 har da na kundi, kuma makin ci 50 ne, ba 40 ɗin da aka saba a digirin farko ba. Bayan nan ka kare shawarar bincikenka a gaban malaman sashe, ka fita fili ka tattaro bayanai, ka kare a cikin gida, sannan a gayyato malami daga wata jami'ar ya zo ya titsiye ka. A takarda wata 18 ne zuwa shekara biyu. A zahiri kuwa, wanda ya yi ya sani.

Cikin duk kwasa-kwasan, biyu ne ba sa sauyawa duk inda ka je, daga Kano har Legas, har Accra da Nairobi: ra'o'in sadarwa, da dabarun bincike tare da 'yar rakiyarsa ƙididdiga. Sauran na zaɓi ne ko na cike gurbi. Waɗannan biyun su ne ginshiƙi, kuma tarihinsu ya fara ne a wurin da babu wanda ya taɓa tunanin mai sauraron rediyo a Gezawa.

Makarantar koyon aikin jarida ta farko a matakin jami'a a Amurka ita ce ta Missouri, wadda Walter Williams ya buɗe a 1908. Shi edita ne, kuma tsarinsa irin wanda ƙanina ke so ne: ɗalibi ya koyi aiki ta hanyar yin aikin, har jarida suka kafa wadda ɗalibai ke fitarwa ana sayarwa a gari. A 1921 suka ba da digiri na biyu na farko a aikin jarida. Da a ce wannan layin aka bi har yau, da mastas ɗin Maskom ya zama kamar zaman koyon sana'a a gaban gwani. Amma sauran malaman jami'a sun riƙa kallon 'yan sashen jarida a matsayin masu koyar da sana'ar hannu, ba masu ilimi ba. Wannan rainin ya daɗe yana ci musu rai.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Gwamnatin Amurka ta tara masana a Washington ta ba su aiki ɗaya: su gano yadda ake sauya tunanin mutane da saƙo. Yaya za a sa talaka ya sayi takardun lamunin yaƙi, ya rage cin nama, ya yarda ɗansa ya tafi fagen daga? Yaya za a karanta farfagandar Jamus a gane abin da suke shiryawa? A cikin waɗanda aka tara akwai Harold Lasswell, masanin siyasa wanda tun 1927 ya wallafa bincikensa a kan farfagandar yaƙin farko. Shi ne mai tambayoyin nan biyar da kowane ɗalibin Maskom ya haddace ya zuba a jarrabawa, game da mai magana da saƙonsa da hanyar da ya bi da wanda ya karɓa da kuma tasirin da aka samu. Akwai Carl Hovland, masanin halayyar ɗan'adam, wanda aka ba shi sojoji ya riƙa nuna musu finafinan ƙarfafa gwiwa yana auna su kafin kallo da bayan kallo. Abin da ya gano ya ba sojoji haushi: finafinan sun ƙara wa kurata sanin abubuwan da suka faru, amma ba su wani ƙara musu ɗokin zuwa yaƙi ba.

A cikin wannan taron akwai wani malamin adabin Turanci daga Jami'ar Iowa mai suna Wilbur Schramm. Marubucin gajerun labarai ne, kuma abin mamaki, mutumin da ake kira uban ilimin sadarwa mai i'ina ne tun yana yaro. Ya ga abin da waɗannan masana suke yi, ya ce ai wannan fanni ne mai zaman kansa. Da ya koma Iowa a 1943 aka ba shi shugabancin makarantar aikin jarida, sai ya buɗe digirin digirgir na farko a fannin sadarwa. A 1947 ya koma Illinois ya kafa cibiyar binciken sadarwa, a 1955 ya wuce Stanford. Ɗalibansa suka bazu suka riƙe sassan jarida a faɗin Amurka, kuma duk inda suka je da manhaja iri ɗaya suke zuwa: ra'i, dabarun bincike, ƙididdiga. Da wannan ne suka wanke kansu daga rainin da ake musu. Har an yi zamanin da a cikin sashe ɗaya za ka tarar da ɓangare biyu ba sa ga-maciji, tsofaffin editoci a gefe guda, masu lissafi a gefe guda. Masu lissafin ne suka yi nasara, musamman a matakin digiri na biyu da na uku.

Ita kuwa ƙididdigar da ta tsone wa ƙanina ido, in ana neman wanda za a kama da laifinta, Paul Lazarsfeld ne. Ɗan Ostiriya ne, digirinsa na uku a lissafi ya yi shi a Vienna, ya yi hijira zuwa Amurka. A 1937 Gidauniyar Rockefeller ta ba da kuɗi a yi binciken rediyo, shi aka ɗora a kai. A lura, a lokacin gidajen rediyon Amurka da talla suke rayuwa, kuma mai talla ba zai biya ba sai an gaya masa mutum nawa ke sauraro, su wane ne, me suke saye. Ka ga ashe takardar tambayoyi da zaɓen samfuri da lissafin kashi cikin ɗari duk da buƙatar kasuwa aka raine su. A zaɓen 1940, tsakanin Roosevelt da Willkie, Lazarsfeld da abokan aikinsa suka je gundumar Erie a jihar Ohio suka ware mutum kimanin 600 suna komawa wurinsu wata-wata har ranar zaɓe. Sun yi zaton za su tarar jarida da rediyo na juya masu zaɓe yadda suka ga dama. Sai suka tarar kaɗan ne suka sauya ra'ayi, kuma da yawa cikin waɗanda suka sauya ɗin maganar wani na kusa da su ce ta ja su. Daga nan aka samu ra'in nan da ke cewa saƙo kan bi mataki biyu: daga kafar yaɗa labarai zuwa ga wanda ake jin maganarsa a cikin jama'a, daga shi kuma zuwa ga sauran mutane. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

To yaya aka yi wannan kaya ya iso gare mu? Ta ƙofar "ci gaba" ya shigo. Bayan yaƙi, Amurka da Tarayyar Sobiyat suka shiga gasar zawarcin ƙasashen da ke samun 'yanci. A 1958 Daniel Lerner ya fitar da littafinsa The Passing of Traditional Society, wanda aka gina a kan tambayoyin da aka yi wa mutane a ƙasashe shida na Gabas ta Tsakiya, irin su Turkiyya da Masar da Iran. Asalin binciken don Muryar Amurka aka yi shi, ana son a san wa ke sauraronta. Abin da Lerner ya fitar shi ne, wai mutumin karkara ba zai ci gaba ba sai rediyo da jarida sun koya masa sha'awar rayuwa irin ta wasu. A 1964 Schramm ya rubuta wa UNESCO littafin Mass Media and National Development. Ita UNESCO har ma'auni ta fitar a farkon shekarun 1960, cewa kowane mutum 100 ya kamata a ce suna da kwafin jarida 10, akwatin rediyo 5, talabijin 2, da kujerar silima 2. Ƙasar da ba ta kai haka ba tana baya. Babu wanda ya ƙirga sanƙira, ko mai shela, ko limamin Juma'a, ko ranar kasuwa.

Sai Everett Rogers, wanda littafinsa na 1962 a kan yadda sabon abu ke yaɗuwa cikin jama'a har gobe ana koyar da shi a kwas ɗin sadarwa don ci gaban al'umma. Ɗan manomi ne daga Iowa, kuma tushen ra'in nasa binciken yadda manoman Iowa suka karɓi sabon irin masara ne. Shi ya raba mutane kashi biyar, daga masu saurin karɓa zuwa 'yan baya-ga-dangi. A tsakiyar shekarun 1960, yana Jami'ar Jihar Michigan, ya jagoranci babban bincike a Brazil da Indiya da Najeriya, a ƙauyukan yankin Gabas.

Ba banza aka zaɓi Gabas ba. Jami'ar Jihar Michigan ita ce ta taya Nnamdi Azikiwe kafa Jami'ar Najeriya ta Nsukka a 1960. Zik a Amurka ya yi karatu, kuma ɗan jarida ne, shi ya kafa West African Pilot a 1937. Jami'ar Ibadan da aka buɗe a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan tsarin Ingila take bi, kuma Turawan Ingila a wancan lokacin ba su ɗauki aikin jarida abin koyarwa a jami'a ba, a wurinsu a ɗakin labarai ake koyonsa. Zik ya ce shi tsarin Amurka yake so. A 1961 aka buɗe Kwalejin Aikin Jarida ta Jackson a Nsukka, sunan da aka ɗauko daga gidan Jackson masu jaridar Lagos Weekly Record. A 1966 Jami'ar Legas ta buɗe tata cibiyar da tallafin UNESCO. Arewa ba ta samu nata ba sai 1978, lokacin da aka buɗe sashen a Jami'ar Bayero ta Kano, Maiduguri ta biyo baya a shekarun 1980. Da yawa cikin malaman farko na waɗannan sassa a Amurka suka yo digirinsu na biyu da na uku, wato a hannun ɗaliban Schramm ko ɗaliban ɗalibansa. Abin da aka koya musu shi suka dawo da shi, kuma ni ban ga laifinsu ba. Mutum da abin da ke cikin jakarsa yake ciyar da baƙo.

Hatta maganar yunit ɗin nan da muke ƙirgawa ta Amurka ce. Asalinta wani ma'auni ne da Gidauniyar Carnegie ta fitar a 1906 lokacin da take tsara fanshon malaman jami'a, ana auna karatu da yawan sa'o'in zaman aji. Nsukka ce ta fara shigo da tsarin, daga baya Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda dokar soja ta 1985 ta ba ikon gindaya mafi ƙarancin ma'aunin karatu, ta shimfiɗa shi a kan kowa. Shi kuma malamin waje da ke zuwa ya jarraba ka, gadon Ingila ne. Kundin bincike da zaman gabatar da takarda kuwa daga jami'o'in Jamus na ƙarni na 19 aka aro su. Wato takardar da ƙanina ya riƙe a hannu faci-faci ce daga ƙasa uku.

Yanzu ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Kafin a buɗe sashen Maskom na farko a Arewa, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta kusa shekara 40 tana fitowa daga Zariya, tun Janairun 1939, kuma Abubakar Imam, Allah Ya jiƙansa, ya riga ya nuna yadda ake rubuta labari da sharhi da Hausar da manomi zai ji a karanta masa ya gane. Sashen Hausa na BBC ya fara tun 1957. Rediyon Kaduna ya fara a 1962, ya zama abin da Bahaushe ke rataye da shi daga gona har kasuwa, har a ƙetaren iyaka. Kafin su duka an yi majigi, motar silima da Turawan mulkin mallaka ke zagayawa da ita gari-gari ana nuna finafinan tsafta da noma, da mai fassara a gefe yana ƙara nasa gishirin. Kafin majigi kuma malaman jihadi sun yaɗa saƙonsu da waƙoƙin ajami, Nana Asma'u ta tsara 'yan taru da jajis ɗinsu suna kai karatu ga matan ƙauye. In ana neman misalin sadarwa mai mataki biyu, ina wanda ya kai wannan? Amma a zango biyun da na yi ina zaman aji, ban ji an ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin abin nazari ba. Na haddace gundumar Erie, na haddace garin Chapel Hill inda McCombs da Shaw suka yi binciken zaɓen 1968 suka fitar da ra'in cewa kafafen yaɗa labarai ne ke tsara wa jama'a abin da za su tattauna. Tarihin rediyon da ke cikin ɗakin mahaifina kuwa sai bayan na gama na karanto shi da kaina, wani ɓangaren ma a littafin wani Bature, Brian Larkin, wanda ya yi zaman bincike a Kano ya fitar da Signal and Noise a 2008.

Kada a ce ba a taɓa yin ƙorafi ba. An yi, tun da daɗewa. Shi kansa Rogers a 1976 ya rubuta cewa tsohon tunanin nan na turo ci gaba daga sama ta rediyo ya gaza. UNESCO ta kafa kwamitin Sean MacBride a 1977, da ɗan Najeriya Fred Omu a ciki, rahotonsu ya fito a 1980 yana kukan yadda labarai ke kwarara ta hanya ɗaya, daga ƙasashe masu arziki zuwa matalauta. Rigimar da ta biyo baya tana cikin abin da ya sa Amurka ta fice daga UNESCO a ƙarshen 1984, Ingila ta bi ta a 1985. A nan gida, Frank Ugboajah na Jami'ar Legas ya dage a kan a ɗauki hanyoyin sadarwar gargajiya da muhimmanci, irin su ganga da mai shela da kasuwa da tatsuniya. Sakamakon duk wannan gwagwarmayar shi ne kwas ɗaya, tsarin sadarwar Afirka, wanda galibi a digirin farko ake yin sa, yunit biyu, a wuce. Ginshiƙan nan biyu ba su motsa ba.

Bari in ba da labarin kaina, ba tare da kiran sunan jami'ar ba. Bincikena a kan yadda matan aure a wasu unguwanni ke sauraron shirye-shiryen lafiya ne. Na so in zauna da su, ta hannun ƙanwata da wata ungozoma, a yi hira mai tsawo. A wurin kare shawara aka ce min wannan ba kimiyya ba ce, ina samfurinka, ina lissafinka? Aka sa ni na tsara takardar tambayoyi da Turanci, mai zaɓi biyar daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", na buga kwafi kusan 400. Yawancin matan ba sa karanta boko, balle Turanci. Ƙanwata ce ke fassarawa a tsaye a tsakar gida, ita kuma matar gida, don kunya da girmama baƙo, duk abin da aka tambaye ta sai ta ce ta yarda. Wata ma cewa ta yi a jira maigida ya dawo ya amsa. Na tattara, na zuba a kwamfuta, teburori suka fito tsaf, aka yaba, na ci. Wallahi har yau in na ga kundin nan a kan kanta sai in ji nauyi, don na san abin da matan suka faɗa wa ƙanwata bayan an ajiye biro ya fi duk abin da ke cikinsa.

Amma fa, kuma a nan ne na saɓa da ƙanina, wannan bai sa na ce a soke kwas ɗin ba. Matsalata ba da dabarun bincike ba ce, da wanda ya mayar da dabara ɗaya ta zama ita kaɗai ce. Da an koya min kwas ɗin yadda ya kamata, da na san hira mai zurfi da zama cikin jama'a hanyoyi ne karɓaɓɓu, shi kansa Lazarsfeld da abokinsa Robert Merton su suka fara tsara tattaunawar rukuni. Da na iya tsayawa na kare kaina. Rashin sanin ne ya sa na yi shiru.

Kuma ƙididdiga tana da ranarta. Duk lokacin zaɓe sai ka ji an karanto a rediyo wai wani bincike ya nuna wane zai ci da kashi kaza. Mai gabatarwa bai tambayi mutum nawa aka tambaya ba, a ina, ta waya ko baki da baki, wa ya biya kuɗin aikin. Haka ake karanto alƙaluman hauhawar farashi da na kasafin kuɗi kamar ana karanta sanarwar ɗaurin aure. Na tambayi ƙanina, in gwamnati ta ce hauhawar farashi ta sauka, hakan na nufin kaya sun yi sauƙi? Ya ce eh mana. Na ce to ka ga dalilin da zai sa ka zauna a ajin nan. Saurin tashin ne ya ragu, kayan suna nan suna tashi, kuma dubban mutane ke jin ka kowace safiya.

Ra'in ma haka. Ku tuna 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin an gurɓata maganin. Sanarwa babu irin wadda ba a yi ba a rediyo da talabijin, ba ta yi aiki ba. Ba a koma yi a Kano ba sai a Yulin 2004, kuma aikin bai kama ƙasa sosai ba sai da aka jawo sarakuna da hakimai da masu unguwanni da malamai, aka ɗauki mata 'yan unguwa suna shiga gida-gida. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Abin da aka gano a gundumar Erie a 1940 ke nan, mutum ya fi jin maganar wanda ya sani. Ashe ra'in ba ƙarya ya yi ba. Mu ne muka haddace shi don jarrabawa, ba mu taɓa ɗora shi a kan unguwarmu ba sai da yara suka shanye.

Abin da ya sa maganar ta zama ta yanzu shi ne, a farkon 2020 NUC, lokacin Farfesa Abubakar Rasheed na shugabanta, ta sanar da rarraba Maskom gida bakwai a matakin digirin farko: aikin jarida, aikin rediyo da talabijin, hulɗa da jama'a, talla, fim, sadarwa don ci gaban al'umma, da nazarin bayanai da kafafen sadarwa. A Disambar 2022 kuma aka ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'i, wadda hukumar ta tsara kashi 70, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. ASUU ta yi ƙorafin cewa an yi wa majalisun jami'o'i kutse, kuma ƙorafin yana da kan gado. Ni dai idona a kan kashi 30 ɗin yake. Yaran da suka yi digiri a fim zalla ko talla zalla su ne za su ƙwanƙwasa ƙofar mastas nan gaba, kuma dole a sake zama a kan jerin nan. In an zauna, ina son a samu wanda zai ce a saka tarihin kafafen yaɗa labaran Hausa a matsayin kwas na dole a jami'o'in Arewa. A saka Kannywood da littattafan kasuwar Kano, tunda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya riga ya share hanya, ya nuna wa duniya cewa abin nazari ne. A saka siyasar rediyon FM tun daga buɗe Freedom a Kano a 2003, da sojojin baka, da saƙon murya na WhatsApp wanda ya fi kowace jarida isa ga wanda bai yi boko ba. Kuma a yarda ɗalibi ya tsara tambayoyinsa da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ba tare da an ɗauke shi rago ba.

Na kuma gaya wa ƙanina abin da da yawa ba sa tambaya kafin su biya kuɗi: mastas iri biyu ne. Akwai na ilimi, mai kundi da malamin waje, wanda shi ne hanyar digirin digirgir da koyarwa a jami'a. Akwai na ƙwararru, wanda ake yi wa ma'aikata, sau da yawa a ƙarshen mako, ya fi tsada, ya fi saurin ƙarewa, amma a jami'o'i da yawa ba ya kai ka ga digiri na uku kai tsaye. Na san mutanen da sai bayan sun gama suka ji wannan. Duka biyun kuma babu wanda zai koya maka riƙe makirfo, wannan ka riga ka iya.

Ya yi shiru yana juya takardar. Can ya ce, "To Yaya, in na ce zan yi bincike a kan masu bugo waya a shirina, waɗanda kullum su ne dai mutum goma sha ɗin nan, su wane ne su, wa ke saka musu kati, za a yarda?" Na ce ban san ko za a yarda ba, amma ka shiga ajin dabarun bincike da wannan tambayar a aljihu, kada ka bari a musanya maka ita da wadda aka yi sau ɗari. Jiya da yamma ya turo min hoton rasit, ya sayi fom ɗin, na ilimin. Ya ce in nemo masa tsohon littafina na ƙididdiga, na duba ko'ina ban gan shi ba, ina jin tun wancan kari-oba ɗin na bayar da shi. Duk wanda ke da na aro a cikinku ya yi min magana ta akwati.